Darasin Juma'a: 'Ya'yanmu Sun Gama Jami'a, Aiki Ya Ƙi Samuwa, Ina Mafita?

  

Darasinmu na wannan mako ya taɓa gidaje da yawa. Wanda babu shi a ɗakinsa, to akwai shi a ɗakin ƙanensa ko na maƙwabcinsa: yaro ko yarinya sun gama jami'a, karatun ma ba na wasa ba, wannan injiniya, wannan lauya, wancan akanta, waccan ta karanta harhaɗa magunguna. An yi bautar ƙasa an dawo, shekara biyu, shekara uku, har yau ana zaune. Kuɗin karatun nan kuwa mun san inda suka fito. Daga buhun albasa suka fito, da kwandon tumatir, da tukubar tsire, da teburin canji, da igiyar shanu. Uba ya hana kansa sabuwar riga don ɗansa ya huta da zaman rana, ga shi yau uban na rana, ɗan na ɗaki. Wannan abu yana kawo faɗa tsakanin uba da ɗa, yana jinkirta aure, yana kuma sa wasu iyaye su fara tunanin cire ƙananan daga makaranta. Shi ya sa ya kamata mu zauna mu dube shi da idon basira.

1. Girman matsalar

Abu na farko da ya kamata kowane uba ya sani shi ne, ba ɗansa kaɗai ba ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki kuma masu son yin sa a Nijeriya ba su da aiki, wato mutum ɗaya cikin uku. A 2023 hukumar ta sauya yadda take lissafi, ta koma ƙirga duk wanda ya yi aikin da ya kawo masa kuɗi ko da na awa ɗaya a mako a cikin masu aiki, sai adadin ya sauko kusan kashi 4. To lissafi ya canza, amma aljihun yaran nan bai canza ba.

Mutanen Fatakwal ba su manta da ranar Asabar 15 ga Maris, 2014 ba. A ranar aka kira jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice a faɗin ƙasa. Guraben ba su kai 5,000 ba, masu nema kuwa dubban ɗaruruwa ne, kowa ya biya naira 1,000. Aka yi turmutsitsi a filayen wasa, mutane suka mutu a Abuja da Minna da Benin da kuma filin wasa na Elekahia a Fatakwal. Kafin nan, a 2012, jaridu sun ba da labarin kamfanin Dangote ya nemi direbobin manyan motoci, mutum kusan 13,000 suka nema, cikinsu har da mutum shida masu digirin digirgir.

Don haka idan ka ga ɗanka a zaune, kada ka yi saurin cewa malalaci ne, kada kuma ka yarda wani ya ce maka an yi masa sammu, ka kwashi ɗan abin da ya rage ka kai wa boka. Ruwa ba ya tsami banza, abin yana da dalilai, kuma ana iya gane su.

2. Daga ina abin ya taso?

Na ɗaya, makarantu sun ƙaru, masana'antu sun ragu. A 1962 jami'o'i biyar ne a ƙasar nan: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Ahmadu Bello ta Zariya. Yau sun haura 250. Amma ina wuraren da za su ɗauki waɗanda ake yayewa? Kamfanin taya na Michelin da ke Fatakwal ya rufe a 2007. Haƙar kwal da ta kafa garin Inugu ta daɗe da mutuwa. Kamfanin siminti na Nkalagu ya yi shekaru a tsaye. Can gida ma haka ne, masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, duk wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano zai ga gine-ginen da a da ke cike da ma'aikata sun koma rumbun ajiya. Injiniya da akanta a masana'anta suke samun wurin zama, idan ta rufe su ne farkon shiga rana.

Na biyu, irin waɗannan karatu ba sa ƙarewa da ranar bikin yaye ɗalibai, kuma da yawa cikinmu ba mu san haka ba. Likita sai ya yi shekara guda yana aikin sanin makama a asibiti kafin hukumar MDCN ta ba shi cikakken lasisi. Mai harhaɗa magunguna ma haka. Wanda ya karanta shari'a bai zama lauya ba sai ya je Makarantar Horon Lauyoyi ya ci jarrabawa, kuma tana da reshe a Agbani kusa da Inugu, da Fatakwal, da Bagauda a Kano. Injiniya sai ya yi wasu shekaru yana aiki kafin hukumar COREN ta yi masa rajista. Akanta yana buƙatar jarrabawar ICAN ko ANAN, malamin makaranta kuma rajistar TRCN. Duk waɗannan kuɗi ne da lokaci. Sau da yawa uba yana ganin hoton hula da riga sai ya ɗauka an gama, ya rufe jaka. Yaro kuma kunya ta hana shi cewa da saura. Kamar ka gina shago ne ka bar shi babu ƙofa.

Na uku, yajin aiki ya cinye shekarun yara. A 2020 malaman jami'a sun yi wata tara, a 2022 sun yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Karatun shekara biyar ya koma bakwai. Yaro ya fito ya tarar bankuna da manyan kamfanoni suna sa iyakar shekaru a tallan aikinsu, ya wuce ta ba tare da laifinsa ba.

Na huɗu, wannan kuma tamu ce mu mazauna kudu: takardar shaidar asali. Yaro an haife shi a Ama Hausa ko Diobu, yana jin yaren Ibo kamar ɗan gida, amma idan aka zo aikin jiha ba a lissafa shi ɗan jiha. Ya tafi Sakkwato ko Katsina, can ma babu wanda ya san shi, an ce ɗan kudu ne. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma aiki da shi wani abu ne daban. Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A 2011 gwamnatin jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, akasarinsu Ibo ne na jihohin maƙwabta. A da ba haka ƙasar take ba, domin magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafulatani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, kuma zaɓensa aka yi. Abin yi a yanzu shi ne kowane uba ya kai ɗansa ƙaramar hukumarsu ta asali tun da wuri a yi masa takarda, domin ayyukan gwamnatin tarayya bisa jihohi ake raba su.

Na biyar, kasuwa kanta ta yi sanyi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗauko kaya daga arewa ya yi tsalle. Zaman gida na ranar Litinin da ya faro a watan Agusta na 2021 ya rage wa Anacha da Inugu ranakun ciniki masu yawa. Mai shagon da cinikinsa ya ragu ba zai ɗauki sabon ma'aikaci ba.

3. Me addininmu ya koyar?

Arziki a hannun Allah yake, ba a hannun gwamnati ko kamfanin mai ba. Amma Allah ya ɗora shi a kan sababi. Surar da aka sa wa sunan wannan rana tamu, Suratul Jumu'a, a aya ta 10, ta umarci waɗanda suka idar da salla su bazu neman falalar Allah. Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, Manzon Allah (SAW) ya nuna masa ya fara ɗaure ta tukuna. Tawakkali ba zama ba ne, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sannan mu duba mutanen da suka fi kowa ilimi, wato Annabawa. Annabi Dawuda (AS), yana sarki, da aikin hannunsa yake ci, sulke yake ƙerawa. Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Shugabanmu (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada kaɗan, daga baya ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija (RA). Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan ya riƙa roƙon mutane. To wane kwali ne ya fi ƙarfin abin da Annabawa suka yi?

Akwai sahabin da labarinsa ya yi kama da namu ƙwarai, Abdurrahman bin Auf (RA). Baƙo ne a Madina, ya baro dukiyarsa a Makka. Ɗan'uwansa na Madina, Sa'ad bin Rabi'i (RA), ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'a, ya ce shi dai a nuna masa hanyar kasuwa. Ya fara da cuku da man shanu, ba a daɗe ba ya yi aure da guminsa, ya kuma zama cikin manyan attajiran sahabbai. Haka kakanninmu suka zo ƙasar nan, daga su sai buzu da buta, suka nemi hanyar kasuwa.

Amma kada wani ya fahimci cewa neman aikin ofis laifi ne. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma faɗi dalili, cewa zai tsare su kuma ya san aikin. Wannan yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 55. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki saboda abu biyu: ƙarfi da amana. Ma'aunin ke nan har gobe, iyawa da amana. Kwali shaida ne kawai cewa an koya maka. Idan aka ba injiniya janareta ya kasa gane ciwonta, shaidar ta faɗi.

Daga nan za mu gane kuskure biyu. Akwai na yaron da ke ganin digiri ya ɗaga shi sama da rumfar ubansa, alhali rumfar ce ta biya kuɗin digirin. Akwai kuma na uban da ya ce tunda babba bai samu aiki ba, boko ba shi da amfani, ƙannen su zo kasuwa, mata a aurar. Wannan ya fi na farko hatsari. Mu da muke zaune a garin da komai sai da takarda, daga haya zuwa haraji zuwa kotu, idan muka bar karatu mun miƙa wuyanmu ga duk mai biro.

4. Ramukan da ke gefen hanya

Mai ƙishirwa ba ya duban ruwa, shi ya sa ya zama dole a yi gargaɗi.

Sayen aiki. Wani zai zo ya ce yana da hanya a wata ma'aikata, a kawo miliyan ɗaya ko biyu. A 2023 har Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya binciki sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito tsinuwa a kan mai ba da cin hanci da mai karɓa. Ban da zunubi, sau da yawa takardar ta jabu ce, an yi asarar jari an kuma ja wa yaro kamu. Kuɗin da za ka ba ɗan damfara ya isa ya zama jarin yaron.

Caca da kuɗin banza. Cacar ƙwallo a waya caca ce, ko da wane suna aka sa mata. Masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu a wata guda kuwa, mun ga ƙarshen MMM a Disambar 2016, mun ga na CBEX a Afrilun 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Damfara ta intanet. Sata ce, ko wanda aka cuta yana Amurka ko yana Aba, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Uwa da uba, idan yaro ba ya fita aiki amma ga sabuwar waya ga sabon takalmi, ku tambaya.

Hanyar hamada. Masu bi ta Agadas zuwa Libiya da niyyar tsallaka teku, da yawa ko gawarsu ba a gani ba. Wanda zai fita waje, likita ne ko ma'aikaciyar jinya, ya bi ta ƙofa da takardunsa.

5. Aikin da ke bakin ƙofarmu

Yanzu bari mu juyo kanmu, mu 'yan kasuwa. Muna kukan 'ya'yanmu ba su da aiki, alhali kullum muna asarar kuɗi saboda rashin irin ilimin da ke kansu.

Ɗauki harkar shanu. Ana ɗauko su daga Potiskum ko Mubi ko Maigatari, su yi kwana biyu ko uku a tirela kafin su iso Garki a Inugu, ko Ugwuoba, ko Amansea, ko Lokpanta. Wasu su iso a galabaice, wasu a yanka su a hanya a sayar da araha. Ga yaranmu da suka karanta likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Nsukka. Idan dillalai goma suka haɗa kuɗi suka ɗauki ɗaya ya riƙa duba dabbobi ranar sauka, sa guda da ya ceta ya biya albashinsa.

Ɗauki gwari. Albasar Aliero da tumatirin Kadawa nawa ne ke ruɓewa tsakanin lodi da sayarwa? Wanda ya karanta aikin gona ko injiniyanci zai iya duba mana yadda ake jera kaya a mota, da rumbun da iska ke ratsawa, da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana. Ko harkar sola kaɗai, a garuruwan da wuta ba ta zama, sana'a ce mai ci.

Ɗauki lissafi. Alhazai nawa ne ke juya miliyoyi amma duk lissafin yana cikin kai? Ranar da ta Allah ta kasance, magada ba su san wa ake bi ba, wa ke bin bashi, sai rigima. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Akanta ɗaya zai iya riƙe littafin shaguna biyar, kowa ya biya shi kaɗan a wata, ya kuma fitar wa kowa zakkarsa daidai.

Ɗauki shari'a. Sau nawa aka tashi mutanenmu daga rumfa ko gida saboda babu yarjejeniyar haya a rubuce? Sau nawa aka tsare mota a hanya, ko aka kama yaro, muka rasa mai tsaya mana? Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ajiye lauya nata ya fi a tashi neman na haya bayan ƙura ta tashi.

Ga kuma 'ya'yanmu mata. Matanmu da yawa suna jin nauyin zuwa asibiti saboda yare da kunya. Yarinyar da ta karanta jinya ko ungozoma ko harhaɗa magunguna taska ce a unguwa. Makarantun Islamiyyarmu ma suna buƙatar ƙwararrun malamai, amma a biya su albashi na mutunci, kada a ce don Allah kawai a bar su da yunwa.

Sharaɗi ɗaya ne: in za ka sa ɗan wani aiki, ka biya shi. Kada don ɗan unguwa ne ka sallame shi da "Allah ya yi albarka" kawai. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a ba ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba.

6. Ƙiradi: jari daga mai kuɗi, aiki daga mai ilimi

Maƙwabtanmu Ibo suna da tsarin da suke kira igba boi. Yaro zai yi wa maigida hidima a shago wasu shekaru, a ƙarshe a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Babbar kasuwar Anacha da wannan ta cika. Mu ma muna da yaran gida, sai dai sau da yawa ba a faɗin ranar sallama, yaro ya yi furfura yana yaron shago. Wannan ya kamata a gyara.

Shari'a ta ba mu hanya mai tsari, wadda malamanmu na Malikiyya ke kira ƙiradi, wasu kuma mudaraba. Tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. Ga ƙa'idojinta a taƙaice. Jari ya zama kuɗi sananne, ba kaya ba. Riba a raba ta da kaso, rabi ko sulusi ko yadda aka shirya, ba da wani adadi tsayayye ba. Idan aka faɗi ba da sakaci ba, asarar kuɗi ta mai jari ce, mai aiki kuma ya yi asarar wahalarsa. Idan mai aiki ya yi ha'inci ko ya saɓa sharaɗi, shi zai biya. Idan tafiya ta kama, yana iya cin abinci daga cikin dukiyar gwargwadon al'ada. Ba a raba riba sai kaya sun koma kuɗi an ware uwar jari.

Ga misali don a gane. Alhaji ya ba yaro naira 2,000,000 ya sayo wake a Dawanau ya kawo Anacha, bisa rabi da rabi. Bayan an sayar an fitar da kuɗin mota da lodi da haraji, kuɗi suka zama 2,300,000. Riba 300,000 ke nan, kowa ya ɗauki 150,000, jarin Alhaji yana nan. Idan kuma farashi ya faɗi kuɗi suka dawo 1,800,000, Alhaji ne ya yi asarar 200,000, yaro ya tashi a tutar babu, amma ba a bin sa bashi. To amma idan Alhaji ya ce, "Ni dai ka riƙa ba ni 100,000 duk wata, ko an ci ko an faɗi, kuma kuɗina su dawo cif," wannan ba ƙiradi ba ne, bashi ne da ruwa. A rubuta komai, a sa shaidu biyu, a nuna wa liman kafin a fara.

7. Zakka da sauran ƙofofi

Zakkar kuɗi da kayan ciniki kashi biyu da rabi ne cikin ɗari. Mun saba rarraba ta dubu biyu-biyu, a ci a rana ɗaya, baɗi a dawo layi. Malamai irin su Imam Nawawi sun bayyana cewa matalauci mai sana'a ana iya ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, ɗan kasuwa kuma abin da zai yi jari. Matashin da ba shi da abin da zai riƙe kansa yana cikin masu haƙƙi ko da yana da digiri. Idan attajirai uku suka haɗa wani kaso na zakkarsu suka tsayar da yaro ɗaya da ƙafarsa, wataƙila nan da 'yan shekaru shi ma ya fitar. Sai dai a kula, uba ba ya ba ɗan da ciyar da shi ke wuyansa zakka. A tuntuɓi malamai kafin a raba.

Akwai kuma hukumomin gwamnati da aka kafa don wannan: NDE da ITF masu koyar da sana'a, SMEDAN ta ƙananan masana'antu, da Bankin Masana'antu. Masu neman harkar mai a Fatakwal su yi rajista a shafin hukumar NCDMB da ke Yenagoa. Ga bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, Jaiz da TAJ da Lotus. Kusan dukansu za su tambayi rajistar sunan kasuwanci ta CAC da asusun banki mai motsi, don haka a tanada. Ba a ce kowa zai samu ba, amma wanda bai nema ba ya riga ya rasa. Masu bautar ƙasa kuma, alawus ya koma naira 77,000 tun 2025, kuma akwai shirin koyon sana'a na SAED a sansani. Wanda ya daure ya ajiye 20,000 duk wata zai fito da 240,000.

8. Nasiha

Ya ku iyaye, ku daina gori. "Duk kuɗin da na kashe a kanka" ba ta taɓa samar wa kowa aiki ba, sai dai ta kore shi daga gida zuwa majalisar banza. Yaron da ya yi shiru, ya daina cin abinci da mutane, ya daina zuwa jam'i, yana cikin damuwa, ku jawo shi a jiki. Ku tambaye shi abin da ya rage a karatunsa, in rajista ce ku taimaka a ƙarasa. Masu 'ya'ya mata kuma ku sassauta kayan aure, kada ku ce sai mai albashin gwamnati.

Ya ku ƙannena masu kwali, ku ci gaba da neman aikin da kuka karanta, amma kada ku jira shi a kan katifa. Ku fito rumfa da asuba, ku riƙe littafi, ku koyi ciniki a wurin iyayenku, domin abin da suka sani ba a koyar da shi a jami'a. In an samu wurin koyon aiki ko da albashin kaɗan ne, a karɓa, gogewa ake nema. Yaren Ibo da Turancin da kuke ji jari ne, iyayenmu da tafinta suka yi ciniki. Kuma ku riƙe amana, domin a kasuwa sunan mutum ya fi takardarsa tafiya.

Daga yau za a ajiye littafi a wurin sakatare bayan sallar Juma'a. Duk matashin da ya gama karatu, namiji ko mace, a rubuta sunansa da abin da ya karanta da abin da ya iya yi da hannunsa. Duk ɗan kasuwar da ke neman ma'aikaci, ko yake da niyyar ba da ƙiradi, shi ma ya zo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyin tattaunawa a gida

Wane mataki ne ya rage wa ɗanmu ko 'yarmu kafin karatunsu ya cika? A kasuwancinmu, ina ne muke asara saboda rashin lissafi ko rashin takarda? Mene ne bambancin ƙiradi da bashi mai ruwa? Yaron shagonmu, mun faɗa masa ranar da za mu sallame shi?

Allah ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙofofin halal, ya sa albarka a karatunsu da kasuwancinmu, ya tsare su daga haram da abokan banza, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan magabatanmu. Amin. Juma'a mai albarka.

Sakataren masallaci